Gwamen Jar Motar Alhaji

Ranar da aka fara kawo jar motar garejinmu, Alhaji ko injinta bai leƙa ba. Zagaya ta ya yi, hannu a baya, yadda yake zagaya sa a kasuwar shanu. Ya je gabanta ya tsuguna, ya karkata kai, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya ce da ni, "Ɓingel am, motar nan gwame gare ta."

Ɓingel am, wato ɗana, haka yake kirana tun ina yawo ba wando. Alhaji Bafulatani ne mai fataucin shanu, mu kuwa Hausawa ne, mahauta tun kakanni, a unguwarmu ta Hausawa a Garwa. Shanun da Baba yake yankawa daga garken Alhaji suke fitowa. Shi ne kuma ya kama hannuna ya kai ni gareji koyon aiki, da ta tabbata cewa in na ga jini jiri nake yi, ba zan gaji wuƙar Baba ba. Saboda haka in Alhaji ya ce gwame, to gwame ne.

Kuma fa bai yi ƙarya ba. Motar ta wani Bature ce da ya yi aiki a masana'antar siminti ta Figil, da zai koma ƙasarsu ya sayar. Ƙofa biyu gare ta, gajeruwa, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, in aka tayar da ita har kwanon rufin garejin sai ya amsa. In ka tsaya gabanta za ka ga saman ƙafafunta ya jingina ciki, ƙasansu ya buɗe waje, sak mai gwame. Baturen ne ya saita ta haka don shan kwana da gudu.

Saitin ƙafa shi ne aikina a garejin, abin da masu Faransanci suke ce wa paralelis. Ba mu da na'ura. Zare nake ja daga gaba zuwa baya a kowane gefe, in ɗaure shi jikin gwangwani mai cike da siminti, in auna tsakaninsa da bakin ƙarfen taya. Don jinginar ƙafa kuma ina da zare mai dalma irin na magina. Abu biyu ake dubawa, ko ƙafa ta tsaya cak ko ta jingina, sai kuma goshin tayoyin gaba, ko yana duban juna ko yana duban waje. Abin da za ka juya bai wuce kaurin farce ba, amma sai mota ta sake hali gaba ɗaya.

Na ce, "Alhaji, da gangan aka yi mata. In ta shiga kwana nauyi ya koma gefe ɗaya, sai tayar waje ta zauna sosai ta kama kwalta."

Ya dube ni ya ce, "Da gangan ake gurgunta dabba? Miƙe mata ƙafa."

To, a lokacin ni hankalina ba ya Garwa. Wani abokina da muka koyi aiki tare ya tafi Duwala, ya sami wuri a babban gareji mai na'urar saiti da ke auna ƙafa da haske. Ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direban babbar mota, mai kai shanu Ngaundere inda jirgin ƙasa ya iso bai daɗe ba. Ya ce ana neman mai hannu irin nawa, ya yi mini magana, za a riƙe mini gurbin har bayan Babbar Sallah, in ta wuce kuwa sai dai wani. Wallahi tun ranar ban ƙara ganin Garwa da kyau ba. Zafin garin da na saba da shi tun haihuwa sai ya koma yana shaƙe ni.

Amma yaron gida irina ba ya tattara kaya ya tafi haka kawai. Sai an je an nemi sallama wurin wanda ya ɗora ka a hanya, kuma ba kai za ka nema da bakinka ba, ubanka ne zai nema maka. Na gaya wa Baba muna cin tuwo bayan magariba. Ya ci gaba da juya loma a cikin miya.

Ya ce, "Ba a neman sallama da aikin mutum a hannu. Gama masa motarsa, ransa ya yi fari. Ni da kaina zan sa riga in je."

Na ce a raina, wannan ai mai sauƙi ne, aikin yini guda.

Na miƙe ƙafafun nan huɗu suka tsaya cak, na ɗan juyo goshin na gaba ciki kamar na kowace motar haya. Alhaji ya zo, ya zagaya, ya gyaɗa kai. Da kansa yake tuƙi, kuma mai son gudu ne, duk da girman jikinsa, don shi Bafulatani ne a jini amma a jiki ƙato ne. Ya tattara babbar riga ya cusa kansa ciki, ya je Pitowa ya dawo. Na tare shi ina goge hannu. Ya ce, "Booɗɗum." Wato ya yi kyau.

Da yamma Baba ya shigo gida fuska a murtuke.

"Kai, me ka yi wa motar Alhaji?"

"Abin da ya ce, Baba. Har ya ce ta yi kyau."

"Ya ce ta mutu! Ya ce ranar da Bature ya ɗauke shi, motar shan kwana take kamar an ɗaure ta da igiya. Yau kuwa ya juya sitiyari tana ta kuka tana neman daji."

Haka Alhaji yake. Bai taɓa duban idona ya ce aikina bai yi ba. Kunya ce irin tasu, babba ba ya kushe yaro a fuska. Sai ya ce booɗɗum, ya bari maganar ta zagaya ta mayanka, ta shiga kunnen Baba, ta same ni a bakin akushi. Ni kuwa da ya zage ni ƙiri-ƙiri da ya fi mini sauƙi, ko ba komai na san da wanda nake faɗa.

Na mayar da ita yadda Bature ya bar ta. Ranar kasuwar Adumri Alhaji ya tafi da ita, a kan burji da gargada, motar da aka ƙera don kwalta. Kowane kwari na hanya sai ta bi shi, sitiyari yana fizgar hannunsa. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, da ya ajiye ta bakin kara, sai 'yan'uwansa fatake suka kewaye ta. Mutanen da duk rayuwarsu ƙafar dabba suke fara dubawa kafin haƙori. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Alhaji, da saninka da komai aka sayar maka da gurguwa?" Aka kwashe da dariya. Da ya dawo na tambaye shi hanya, ya ce booɗɗum.

A makon nan saniyar da aka turo wa Baba ƙashi da fata ce. Babu wanda ya ce don me. Baba ya yanka, ya kasa, masu saye suka duba suka wuce teburin gaba, ya dawo gida da ragowar nama a cikin kwarya.

Na raba biyu, na bar mata gwame kaɗan. Tabɗi! Wannan ya fi duka muni, don a kasuwa ba a fasa dariya ba, a kwana kuma ba ta kama yadda yake so ba. Na sake. Na kuma sakewa. Ga shi kowace tafiya Adumri sai rami ya buge saitin, in koma farko. Damina ta shigo ta fita ina kwance ƙarƙashin motar nan, ƙasa tana zubo mini a ido. Sauran kanikawa har sun sa mini suna mijin ja. In sun ga an turo ta sai su ce, "Tashi, ga amarya ta yi yaji ta dawo." Wata rana na jefi ɗayansu da sifana, Allah ya sa ta sami tsohuwar taya.

Na ce da Baba, "Wai ni bawansa ne? Yana son ƙafa a miƙe, yana son kwana irin ta Bature. Ba a samun biyun nan a mota ɗaya! Ya je ya sayi doki mana!"

Baba ya waiwaya ya dubi ƙofar gida, sannan ya ce, "Rage murya."

Zamanin ke nan. Shugaban ƙasa ɗan garinmu ne, kwalta sabuwa, gine-gine suna tashi, manyan mutane suna ƙara girma, kowa kuma ya iya rage murya. Ba ka san wanda yake cin abinci da wa ba. Alhaji ba ɗan siyasa ba ne, amma in an yi babban baƙo ragunansa ake yankawa, kuma wannan ya isa.

Abin haushin shi ne ina son motar. In na gama saiti ni nake fita gwaji, in kama hanyar Marwa, in saki totur. Da saitin Bature, kai! Kana tunanin kwana ta riga ta shiga. Jandarmomin da suke tsare manyan motoci suna juya takardun mutane, in suka hango ja sai su ɗage sanda tun daga nesa, har da sara mini. Ba ni suke sara wa ba, na sani. In da a ƙafa na zo da akwatina, da sai na faɗi sunan kakana.

Sau ɗaya na juya kudu maimakon arewa. Na haye gadar Binuwai, na kama hanyar Ngaundere, na taka. Itatuwa suna wucewa, iska tana dukan kunnena, na ce yau in na ga dama kafin la'asar ina tashar jirgi. Na yi nisa sosai. Sai na tuna kwaryar nan ta ragowar nama. Na cire ƙafa daga totur, na gangara gefen hanya, na kashe inji. Na zauna ina jin ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Motar da ta fi kowace gudu a arewa tana hannuna, amma ba ni da inda zan je da ita. Baƙin ciki ya cika ni har na daki sitiyari da hannu biyu. Sannan na juya na koma gareji, na wanke mata ƙura.

Sallah ta matso, direban babbar motar ya sake biyowa. Ya ce abokina yana tambaya, ana matsa masa. Ya ce shi zai yi lodin ƙarshe bayan Sallah, in na shirya akwai wuri a gaba kusa da shi.

Mafita ta zo ne da tsakar rana, ba don wayona ba. Alhaji ya biyo ɗaukar motar, ni kuma ina tsugune a bayanta ina tattara zare. Ya buɗe ƙofa ya zauna. Motar ta nutse, ina kallo ƙafafun suka ƙara buɗewa ta ƙasa. Ya tuna wani abu ya fito, suka koma. Af! Ashe wata huɗu da wani abu ina saita motar da babu kowa ciki, alhali motar da fatake suke wa dariya daban, wadda Alhaji yake tuƙawa daban. Su a ajiye suke ganinta, shi kuwa ba ya jin ta sai yana zaune a kanta.

Na ce, "Alhaji, don Allah a ƙara zama."

Ya zauna, yana kallona ta madubi. Na jingina sanda jikin motar na yi alama da alli daidai inda ta sauka. Na roƙe shi ya bar mini ita zuwa jibi, ya kuma aiko mini da buhunan gishirin shanu daga shagonsa. Bai tambaye ni na mene ne ba.

Na fara loda gishiri a kujera har ta sauka kan alamar allina, na ƙirga buhunan. Sannan na cire sifirin Bature masu taurin tsiya, na sa masu ɗan laushi, motar ta ɗan tashi daga ƙasa, abin da hanyar Adumri take so dama. Na mayar da buhunan kan kujera, daidai nauyin Alhaji. A haka na ja zare, na ba ta gwamen da kwana take so. Goshin tayoyin gaba kuma na bar shi kusan miƙe, da ɗan buɗewa kamar silin gashi, don ta amsa sitiyari ba tare da bin kowane kwari ba. Sannan na sauke buhunan. Motar ta miƙe, ƙafafu suka dawo kusan cak. Sai ka tsuguna da dalma kafin ka gane akwai sauran jingina. Na mayar da gishiri na fita hanyar Figil, ta sha kwanonin nan ba ko kuka. Na yi ta dariya ni kaɗai, ni da buhunan gishiri.

Alhaji ya je Adumri ya dawo, ya je Figil ya dawo. Bai ce booɗɗum ba, bai ce komai ba. Baba ya shigo gida ba saƙo. Ana jibi Sallah aka turo masa wani bijimi da sai da mutum uku suka riƙe. Baba ya ce, "Juma'ar bayan Sallah, in an sauko masallaci."

Na wanke sifanuna na jera a akwatin ƙarfe. Na naɗe zarena na sa a sama. Inna ta soya mini nama ta ɗaure a ƙullin takarda, tana yi tana sharar hanci.

Ranar Juma'a Baba ya sa rigarsa ta shadda da ba ya sawa sai ɗaurin aure. Muka tarar da ƙofar gidan Alhaji cike, fatake da malaman unguwa zaune kan tabarmi a inuwar darbejiya, jar motar a gefe, ƙafafunta a tsaye ƙyam. Har tsohon nan na Adumri yana wurin. Aka yi gaisuwa da Fulatanci, doguwa, aka tambayi gida da gajiya da zafi da shanu. Ni ina can baya a rakuɓe. Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Alhaji, dama mun zo ne a kan yaron nan..."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Tsaya, Malam. Ka riga ni a baki, amma bari in riga ka."

Ya yi magana da wani makiyayinsa. Aka zagaya bayan gida, aka jawo wata farar karsana mai baƙin kunne, tana tirjewa.

Alhaji ya ce, "Jama'a ku shaida. Wannan ta ɓingel am ce, ita da abin da za ta haifa. Za ta zauna cikin garkena a kula masa da ita. Filin nan na gefen shagona kuma za a kafa masa rumfa, ya buɗe garejin kansa. Motata kuwa, muddin ina numfashi, hannun wani ba zai taɓa ƙafarta ba."

Wuri ya ɗauki barka da addu'a. Wanda bai zauna da Fulani ba ba zai gane girman abin ba. Bafulatani ya ciri saniya daga garkensa ya ba ɗan mahauci, mu da aka sani da wuƙa! Ya mai da kai jininsa ke nan a gaban mutane. Irin wannan saniya ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a kuma kora ta a bar garin da ita. Kuma bakin da ya karɓi wannan ba ya komawa ya ce a sallame mu.

Ya sani ko bai sani ba? Na sha juya wannan a raina. Direban babbar motar shanun wa yake ɗauka in ba na Alhaji ba? Ni dai na yarda ya sani. Na kuma yarda har cikin ransa alheri yake ganin ya yi mini, ya tsare ɗansa daga garin da ba shi da kowa. Wannan ne ya fi ci mini rai, don ko tsine masa ban samu na yi ba.

Na dubi Baba. Ina jira ya ƙarasa maganar da ya fara, kalma uku ce ta rage. Idonsa ya kawo ruwa, ga fatake suna miƙo masa hannu, mutanen da shekara da shekaru a tsaye yake gaishe su suna zaune. Bai dube ni ba. Tabarma yake kallo.

Ya ce, "Tashi ka yi godiya."

Na tashi. Na je gaban Alhaji na durƙusa, na ce useko, wato na gode, na ce Allah ya ƙara girma, Allah ya ja kwana. Muryata ta fita sarai, ni kaina na yi mamaki. Ya dafa kaina da tafin hannunsa mai nauyi.

Muka kama hanyar gida. Rana tana dukan mu, rigar Baba ta jiƙe a baya. Sai da muka kai ƙofa, yana cire takalmi, ya ce, "An ce Duwalan ma ruwa ya yi mata yawa." Na shiga ɗaki na rufe, na zauna kan akwatin ƙarfen.

Ban ga Duwala ba sai da furfura a kaina, kuma jinya ce ta kai ni. Rumfar ta zama gareji, garejin ya ci da ni da 'ya'yana, ba zan yi wa Allah butulci ba. Karsanar ta hayayyafa, aka riƙa nuna mini jikokinta in na je rugar. Baba bai ƙara yanka ramammiyar saniya ba har ya bar duniya. Duk wanda ya ji labarin cewa yake na yi sa'a, ni kuma in ce haka ne.

Washegarin Juma'ar nan da hantsi babbar motar ta tsaya bakin layinmu, shanu suna kuka a baya. Direban ya danna ham, ya leƙo ta taga ya ce, "Ina akwatin?" Na ce ya gaida abokina, ya gaya masa a ba wani gurbin. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya sa giya. Ina tsaye har ƙurarsa ta kwanta.

Ban kai ga komawa ciki ba sai ga makiyayin jiya a kan keke. Ya ce Alhaji yana gaisuwa, ya ce mota ta faɗa rami da safen nan, tana ɗan ja hagu.

Na shiga na buɗe akwatin, na ɗauko zarena.